Bibiyar Mace ta Waya Bayan Ɓari da Shawarar Tazarar Haihuwa

Bibiya ta waya hanya ce ta kula da lafiya inda ungozoma ko nas ke kiran matar da aka sallama daga asibiti bayan ta samu matsala a farkon ciki, domin a ji yadda jikinta yake, a kuma tattauna batun tazarar haihuwa. Matsalolin sun haɗa da ɓari a watanni ukun farko, da cikin da ya zauna a wajen mahaifa, da cikin da ya lalace ya zama ƙulle-ƙulle kamar 'ya'yan inabi. Kusan 15 cikin 100 na cikin da aka san da shigarsa yana ƙarewa da ɓari.

Dalilinta

Mace na iya ɗaukar wani cikin mako 2 kacal bayan ɓari, tun ba ta ga al'ada ba. A 2005 taron ƙwararru na Hukumar Lafiya ta Duniya ya ba da shawarar a jira aƙalla wata 6. Wadda aka yi wa maganin ciki a wajen mahaifa da allurar methotrexate ana so ta jira aƙalla wata 3, saboda maganin yana cutar da ɗan tayi. Mai lalataccen ciki kuwa sai an yi ta auna jininta har sinadarin ciki ya ɓace, kuma sabon ciki yana rikita wannan awon.

Ka'ida ita ce a yi wa mace bayanin tazarar haihuwa kafin sallama, kuma har yau wannan ya fi. Sai dai wanda ya san ɗakin mata ya san halin da ake ciki a lokacin. Matar da aka kawo daga Dukku ko Nafada zuwa Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Gombe, an yi mata wankin ciki, jiri na ɗibarta, ga baƙin cikin rashi, ga uwar miji a bakin gado tana naɗe tabarma don a kama motar yamma. Ko an ambaci allurar tazarar haihuwa ko ashana (ɗan siririn maganin da ake sawa a ƙarƙashin fatar hannu), abin da za ta ce shi ne sai ta shawarci maigida. Ranar da aka ce ta dawo kuma, kuɗin mota yakan hana.

Yadda ake yi

Kafin sallama ake neman izininta, a karɓi lamba, a tambayi lokacin da ya dace a kira. Ana kira cikin mako ɗaya ko biyu. Ma'aikaciya takan fara da "Sannu da jiki, Hajiya, kina inda za ki iya magana?" Sai ta bincika alamun haɗari: jinin da ke jiƙa ƙunzugu 2 a awa ɗaya har awa 2 a jere, zazzaɓi, ruwa mai wari, ciwon mara mai tsanani ko suma. Kowanne daga cikinsu na nufin a koma asibiti nan take.

Daga nan sai a tambaye ta abin da take so. Wata ɗokin haihuwa take yi, kuma bai kamata a tursasa ta ba. Mai son hutu ana yi mata bayanin ƙwayoyi, da allurar wata 3, da ashanar hannu (Implanon shekara 3, Jadelle shekara 5), da robar mahaifa, wadda ba a sawa idan akwai cuta a mahaifar. Tun 2011 gwamnatin tarayya ta ce a riƙa ba da waɗannan kayayyaki kyauta a asibitocin gwamnati. Allurar Sayana Press ta dace da wannan tsari ƙwarai, tunda mace na iya yi wa kanta a gida bayan an koya mata.

Cikas

A gidaje da dama wayar ta miji ce. Idan matar ta yarda a sa shi cikin maganar, hakan kan sauƙaƙa al'amari. Idan ba ta yarda ba, wajibi ne a rufa mata asiri. Akwai ƙarancin sabis a karkara, akwai kuma matan da Fulatanci ko Tangale ko Tera ya fi musu sauƙi. Sannan ba a auna jini ko sa ashana ta waya, don haka dole mai kira ta san asibitin sha-ka-tafi mafi kusa da matar, ta kuma tabbatar akwai kayan a can kafin ta tura ta.