Gudu bisa dusar ƙanƙara da faffaɗan takalmi: tambayoyi da amsoshi

Ɗalibanmu na Maradi da ke karatu Faransa da Kanada suna ta turo bidiyo a WhatsApp, ga mutane na gudu bisa dutse kusa da birni, fari fat da dusar ƙanƙara, da wani abu faffaɗa a ƙafa, shi ne samari ke ta gardama a fada wajen shayi. Ga tambayoyin da suka fi yawa.

Wai mi ne ne abin nan da suke ɗaurawa a ƙafa?

Raket ake ce mishi a Faransa. Firam ne na alminiyum an shimfiɗa leda mai ƙarfi a tsakiya, ka sa takalminka na gudu ka ɗaure da igiya, ƙarƙashin yatsu akwai haƙoran ƙarfe masu kama ƙanƙara, dunduniya kuma sake take tana ɗagawa. Aikinshi kawai ya baza nauyinka kar ka nutse. Duk wanda ya taɓa ratsa rairayin Gulbin Maradi da rani ya san yadda ƙafa ke lumewa ta cinye ma mutum ƙarfi, to dusa sabuwa ta fi haka, har gwiwa tana kaiwa. Mutanen asali na Kanada da Amurka da icce da fata suke yin nasu tun kaka da kakanni don farauta. Na gudu ya fi na tafiya ƙanƙanta da rashin nauyi.

Ba siki ba ne kenan?

A'a. Siki sulɓewa ake bisa dogayen sirarun alluna, wanga gudu ne ƙafa da ƙafa, sai dai ka ɗan buɗe ƙafafu kar firam ɗin ya bugi idon sawunka.

To mi ya sa sai duwatsun da ke kusa da birni?

Don ma'aikata da ɗalibai su samu yin shi ba sai sun jira hutu ba. Montreal ta Kanada dutsen ma cikin garin yake, Mont Royal, tsawonshi mita 233, mutum ya tashi aiki ya hau. Vancouver, ita ma a Kanada, tana da duwatsun Grouse da Seymour da Cypress a arewacinta. Grenoble ta Faransa kuwa duwatsu ne suka kewaye ta, ga Chamrousse nan kusa inda aka yi wasu wasannin Olimfik na hunturu a 1968. Kuma a Disamba tun ƙarfe huɗu da wani abu rana ta faɗi a Montreal, shi ya sa kake ganinsu da tocila a goshi.

Ana gasa?

Sosai ma, galibi kilomita 5 ko 10, har gasar duniya akwai. A Italiya akwai La Ciaspolada da ake yi a Janairu tun 1973. Amma babu shi cikin Olimfik.

Sanyi bai kashe su?

Ai nan abin mamakin yake, zufa ce matsalar. Minti kaɗan da fara gudu jiki ya ɗau zafi riga ta jiƙe, ga raket ɗin na watso maka dusa a baya duk taki ɗaya, in ka tsaya iska ta buge ka nan take sanyi ya shiga jiki ka fara makyarkyata, wani har magana ta gagare shi. Don haka ba a sa rigar auduga, ita in ta jiƙe ba ta saurin bushewa, siraran riguna ake jerawa biyu uku, da busasshiya a jaka. Wanda ya jibga ƙaton jaket irin namu na lokacin ɗari shi zai fara shan wuya.

Tunda gari na kusa ai ba haɗari ko?

Wannan tunanin ne ke kai mutane ga halaka wallahi. Kana hango fitilun gari amma hazo ya rufe, dusa ta shafe sawu, batirin waya ya mutu don sanyi na shanye caji. Ga kuma dusa da ke zabtarowa daga gangare ta binne mutum, musamman bayan an kwana ana zubarwa. In ƙanenka can ya ce zai gwada, ce mishi ya yi hayar raket tukuna kar ya saya, ya bi hanyar da aka sa ma alama, ya duba sanarwar yanayi, kuma kar ya tafi shi kaɗai.