Yawan jini ba kullum ne alamar lafiya ba

Mutanenmu a nan Makka da Jidda, da zarar mutum ya karɓo sakamakon gwaji ya ga haimogulobin ɗinsa (sinadarin da ke ɗaukar oksijin a jajayen ƙwayoyin jini) ya haura 17 sai murna, wai jininsa ya cika. To a bi a hankali dai. Jajayen ƙwayoyin jini in sun yi yawa jinin kauri yake yi, yana iya daskarewa a jijiya har ya kawo shanyewar ɓarin jiki. Kuma wannan daban, hawan jini daban.

Wani lokacin ƙishirwa ce kawai, mutum ya wuni yana aiki cikin zafin nan bai sha ruwa ba, ruwan jinin ya ragu, lambar ta hau. Masu zama kan tudu irin Abha da Ɗa'ifa ma nasu kan ɗan ɗaga saboda ƙarancin iskar oksijin. Amma sigari da shisha, ciwon huhu, minsharin da numfashi ke yankewa, allurar testosteron ta 'yan ɗaga ƙarfe, duk suna jawo shi, sannan akwai cutar ɓargo polisaitimiya bera.

Likita zai sa a maimaita gwajin bayan ka sha ruwa sosai, ya auna oksijin, in ta kama a duba EPO (sinadarin da ke sa ɓargo ya samar da jajayen ƙwayoyin jini) da JAK2 (ƙwayar halittar da canjinta ke nuna cutar ɓargon nan). Kar ka ruga wajen mai ƙaho tun ba a gano dalili ba.