Kayan Gyaran Mota na Beljiyam

Kayan Beljiyam, ko tokumbo, su ne sassan da ake kwancewa daga jikin motar da ta yi hatsari ko ta tsufa a ƙasar waje, a shigo da su a sayar. Sunan ya samo asali daga tashar jiragen ruwa ta Antwerp da ke Beljiyam, inda aka daɗe ana lodin tsofaffin motocin Turai zuwa Kwatano da Legas. Tokumbo kuwa Yarabanci ne, yana nufin abin da ya ƙetaro teku. A yau ko daga Amurka ko Japan kaya ya fito, Beljiyam ake ce masa.

Sana'ar ta bunƙasa a Najeriya bayan 1986, lokacin da darajar naira ta karye, har Peugeot ɗin da ake haɗawa a Kaduna tun 1975 ta gagari ƙaramin ma'aikaci. Da tsofaffin motoci suka cika titi, sai kasuwar kayansu ta biyo baya. Babbar cibiyar ita ce Ladipo a Legas. A Arewa akwai Ƙofar Ruwa a Kano, da Panteka a Kaduna, da Apo a Abuja. A Gana kuwa akwai Abossey Okai a Akara da Suame a Kumasi.

Direbobi da yawa sun fi yarda da tsohon ƙarfe na asali a kan sabon jabu, kuma suna da hujja: ƙofa, fitila, bamba, giyabos da injin da kamfanin motar ya ƙera da kansa sukan jure wahala. Wani lokaci ana shigo da rabin mota sukutum, an yanke ta daga gaba, inji da wayoyinsa na ciki.

Inda gizo ke saƙa shi ne bambance na Beljiyam da na gida. Akan cire inji daga motar da ta gama shan hanya a nan, a wanke shi da fetur, a fesa masa fenti, a ɗora shi kan tsohuwar taya a bakin shago kamar jiya aka sauke shi daga kwantena. Shi ya sa mai saye ke tafiya da bakaniken da ya amince da shi. Bakanike zai buɗe murfin mai ya leƙa ko baƙin mai ya daskare a ciki, ya duba kawunan notuna ko sifana ta taɓa cinsu, ya juya injin da hannu ya ji nauyinsa. Zuwa da kayan da ya lalace a motar mai saye tare da lambarsa ya fi kwatance da baki, domin mota iri ɗaya kan bambanta daga shekara zuwa shekara. Kafin a biya kuɗi akan yi sharaɗin kwanakin gwaji, a yi wa kayan alama da fenti, a karɓi rasit. Rasit ɗin yana da muhimmanci, don kayan sata ma kan shigo kasuwa.

Akwai abin da bai kamata a sayi tsohonsa ba ko da araha ta kai araha: takalmin birki, bel ɗin taimin (wanda ke daidaita lokacin motsin sassan inji), da taya. Taya tana ɗauke da lambobi huɗu a gefenta, biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekarar da aka ƙera ta. Robar da ta tsufa takan fashe a zafin bazara ko da zanenta bai cinye ba.