Maganar Hannu Harshe Ne, Ba Nuni Kawai Ba

An daɗe ana ɗauka cewa maganar hannu nuni ne kawai, don haka kurma ba zai iya karatun jami'a ba. Yawancin masu wannan zato ba su samu damar zama da kurame ba ne. Maganar hannu harshe ne mai nahawunsa, inda siffar yatsu, wurin da hannu ya tsaya, har da ɗaga gira ke sauya ma'ana, shi ya sa ta kuramen Kano ta bambanta da ta Amurka. Tafinta ɗalibi kurma ke buƙata a aji, kuma haƙƙinsa ne. Mai son tabbatarwa ya zauna kusa da ɗalibai kurame suna muhawara kan darasi, ya roƙi tafinta ya fassara masa. Don Allah a yaɗa wannan bayani ga malamai da ɗalibai.