Akwatin Sauti na Kwamfuta da Sarrafa Ribab

Akwatin sauti, wanda ma'aikatan sutudiyo a Najeriya suka fi kira da sawun-kad, na'ura ce da ke shiga tsakanin makirufo da kwamfuta. Tana ƙara wa siginar makirufo ƙarfi, ta mayar da ita lambobi domin kwamfuta ta adana, sannan ta sake mayar da lambobin sauti ta tura wa lasifika ko hedifon. Ribab kuwa shi ne amon da ke biyo bayan sauti a cikin ɗaki ko zaure, lokacin da sautin ya bugi bango da rufi da daɓe ya dawo ta fuskoki dubbai har ya narke. Mutane da yawa suna haɗa shi da eko su kira su da suna ɗaya, amma akwai bambanci. Eko amsa-kuwwa ce da kunne ke rarrabewa ɗaya bayan ɗaya, kuma tana faruwa idan sautin ya dawo bayan kamar milisakan 50 ko fiye (milisakan kashi ɗaya ne cikin dubu na sakan). Ribab ba ya rarrabuwa, jela ce guda ɗaya.

Asali

Wanda ya fara auna ribab da lissafi shi ne Wallace Sabine na Jami'ar Harvard a Amurka. A 1895 aka ba shi aikin gyara wani ɗakin lacca da ba a fahimtar maganar malami a cikinsa, sai ya riƙa kwaso matasan kujeru yana auna yadda suke rage tsawon amo. Daga nan aka sami ma'aunin RT60, wato lokacin da amo ke ɗauka kafin ya ragu da desibel 60. Domin ƙara wa sauti ribab, sutudiyoyin farko ɗaki guda suke warewa, su sa lasifika a gefe ɗaya, makirufo a ɗaya gefen. A 1957 kamfanin EMT na Jamus ya fito da EMT 140, faifan ƙarfe mai kusan mita 2 a tsawo da ake girgizawa da sauti, nauyin na'urar kusan kilo 270. Sai ribab na lambobi: EMT 250 a 1976, Lexicon 224 a 1978. Sunayen da ake gani yau a cikin manhaja, Plate da Chamber da Spring da Hall, daga irin waɗannan na'urori da ɗakuna aka gaje su.

Haɗa na'urar

A kan Windows ana fara sa direban kamfanin da ya ƙera akwatin, wato ƙaramar manhajar da ke sa kwamfuta ta gane shi, kafin a jona shi, domin a sami ASIO, tsarin da Steinberg ya ƙirƙira don sauti ya bi gajeriyar hanya tsakanin manhaja da na'ura. A kan Mac yawancin akwatunan ba sa buƙatar direba. Wayar USB ta shiga jikin kwamfutar kai tsaye. Idan aka bi da ita ta mahaɗar USB mai baki da yawa, wuta kan gaza, na'urar ta riƙa yankewa. Daga nan a buɗe manhajar ɗauka, Cubase ce ko FL Studio ko Reaper, a zaɓi akwatin a matsayin hanyar shiga da fita.

Makirufo yana shiga da waya mai baki uku, XLR. Irin na kondensa ba ya aiki sai an danna maɓallin 48V da ke tura masa wuta, irin na dainamik kuwa ba ruwansa da shi. Ƙa'ida ita ce a jona waya tukuna, a rage lasifika, sannan a kunna 48V, kuma a kashe shi kafin a zare. Ƙarar da ke fita idan aka saɓa wannan tana iya lalata ƙaramar lasifika. Mai waƙa ko karatu ya tsaya tazarar kamar taƙi ɗaya daga makirufo, da matatar iska a tsakani.

A saita ɗauka a kan bit 24 da 48 kHz, wato auna sauti sau 48,000 a sakan, idan aikin zai hau bidiyo, ko 44.1 kHz idan sauti ne zalla. Abin da ya fi muhimmanci shi ne adadin ya zama ɗaya a manhaja da a na'ura, domin sautin da aka ɗauka a 44.1 aka buga shi a 48 yakan yi sauri, murya ta sirance. Maɓallin da aka rubuta wa Gain, mai ƙara ƙarfin siginar makirufo, a murɗa shi yayin da mai waƙa ke rera wurin da ya fi ɗaga murya, har ma'auni ya tsaya tsakanin desibel -12 da -6. Ja ya kunna, an wuce iyaka, kuma sautin da ya fashe a nan babu manhajar da za ta mayar da shi yadda yake. Da bit 24 babu dalilin matsawa kusa da sifili.

Jinkiri

Kwamfuta tana tara sauti ne a ƙananan kaso, bafa, kafin ta sarrafa shi. A 48 kHz bafa 128 daidai take da milisakan 2.7, 256 kuma 5.3, 1024 kuwa ta haura 21. Wannan hanya ɗaya ce kawai. A ninka ta biyu, a ƙara ɗan abin da na'urar kanta ke ci. Da jimillar ta wuce milisakan 10 zuwa 12, mai waƙa zai fara jin muryarsa tana binsa a baya, ya rasa kiɗa. Saboda haka ana ɗauka da 64 ko 128, a koma 512 ko 1024 lokacin haɗawa, wato daidaita muryoyi da kiɗan da aka riga aka ɗauka. Idan aka ji ƙas-ƙas kamar ana taka busasshen ganye, bafar ta yi wa kwamfutar ƙanƙanta, sai a ɗaga ta mataki ɗaya.

Inda ribab ke shiga

Babban kuskuren masu farawa shi ne ɗaukar murya da ribab a manne da ita. Gishiri ne: ana iya ƙarawa daga baya, ba a iya cirewa. Muryar da ke shiga faifai busasshiya ake so, ko da mai waƙa yana jin amo a kunnensa. Kuma yawancinsu suna son su ji shi, don busasshiyar murya a hedifon tana sa mutum ya takura, ya riƙa matsa maƙogwaro.

Hanya biyu ake bi. Wasu akwatuna, irin su wasu daga jerin UR na Steinberg da Apollo na Universal Audio, suna da ribab a cikinsu, wanda ake turawa hedifon kaɗai ba tare da jinkirin da za a ji ba. Ga akwatin da ba shi da wannan, a kunna maɓallin Direct Monitor domin busasshiyar murya ta tafi kunne kai tsaye, sannan a cikin manhaja a buɗe layi na dabam, a ɗora masa ribab, a tura masa muryar, a hana busasshiyar ta fito ta manhaja. Jinkirin kwamfuta sai ya faɗa kan amon kaɗai, inda ba ya cutarwa. Idan aka manta aka bar busasshiyar tana fitowa ta hanyoyi biyu, muryar za ta yi kamar ana magana cikin bututu.

Wannan layi na dabam shi ne kuma tsarin da ake amfani da shi a haɗawa. Ribab ɗin da ke kansa a sa Mix ɗinsa a 100 don amo zalla ya fito, yawan amon kuma a sarrafa shi da abin da kowane layi ke turawa. Amfaninsa biyu: kwamfuta ba ta wahala da ribab goma, kuma murya da amshi da kalangu duk suna zama kamar a wuri ɗaya aka ɗauke su.

Maɓallan da suka fi tasiri kaɗan ne. Decay shi ne tsawon jela: sakan 1.2 zuwa 1.8 ya isa ga muryar waƙa da Plate, waƙa mai sauri ta fi son gajere, magana ko karatun labarai kuwa ƙasa da rabin sakan ko ma babu. Pre-delay shi ne tazarar da ke tsakanin murya da farkon amo, kuma milisakan 20 zuwa 40 yana ba baƙaƙe damar fita kafin amo ya rufe su. Ga Hausa wannan ba ƙaramin abu ba ne, don bambancin ƙ da k, ko ɗ da d, a farkon gaɓa yake, kuma shi ribab mai yawa ke fara cinyewa. Sannan a tace abin da ke shiga ribab: a yanke ƙasa da 300 zuwa 600 Hz don kada sautin ya yi dagwalo, a yanke sama da 8 zuwa 10 kHz don kada kowane s ya riƙa feshi. Wajen auna yawa, a ɗaga har a ji shi sarai, sannan a ja baya kaɗan, a saurara a lasifikar waya, tunda a nan mafi yawan masu sauraro za su ji.

Ɗaki da wutar lantarki

Akwai ribab ɗin da ba a gayyata ba, na ɗakin da ake ɗauka. Lissafin Sabine shi ne 0.161 sau girman ɗaki, a raba da yawan abin da bango ke tsotsewa. Ɗakin siminti mai mita 4 da 3 da tsayin 3, babu kaya a ciki, a lissafi amonsa yana kusantar sakan 3, alhali ɗakin ɗaukar murya bai kamata ya wuce sakan 0.4 ba. Tafi ɗaya a tsakar ɗaki zai nuna halin da ake ciki. Katifa a jingine bayan mai waƙa, labule mai kauri, darduma a ƙasa, ko allunan auduga ta dutse masu kaurin santimita 5 zuwa 10, duk suna aiki. Kwalin ƙwai da ake mannawa a bango ƙawa ce kawai, abin da yake tsotsewa bai taka kara ya karya ba.

Gurnani mai kauri da ba ya yankewa yawanci na wutar gida ne, 50 Hz a Najeriya da Nijar, kuma yakan ƙaru idan ana kan janareto. A zare cajar laftof: idan ya ɗauke, matsalar daga nan take. Magani shi ne a jona kwamfuta da akwati da lasifika a soket ɗaya, a yi amfani da wayoyin XLR ko TRS zuwa lasifika, a raba wayar sauti da ta wuta. Karya ƙafar as ta filogi, wadda ke kai wutar da ta zubo zuwa ƙasa, yana iya kashe gurnanin, amma yana barin jikin na'ura da makirufo ba kariya idan wuta ta zubo.