Waiwaye: Yadda soja, manomi da masunci suka juya zaɓen Kanada na 1945

Ranar 11 ga Yuni 1945 mutanen Kanada suka fita zaɓen majalisar tarayya. Wata guda ke nan da Jamus ta miƙa wuya a yaƙin duniya na biyu, amma yaƙi bai ƙare ba, domin Japan tana nan tana fafatawa. Ƙasar da yawan jama'arta bai wuce miliyan 12 ba ta sa mutum sama da miliyan ɗaya cikin kaki, kusan 45,000 daga cikinsu ba su dawo ba. Dubban ɗaruruwa suna Turai suna jiran jirgin da zai maido su gida, kuma a can suka jefa ƙuri'unsu. Abin da ya cika bakin 'yan takara a wannan kamfe bai wuce abu huɗu ba: me za a yi wa sojan da ya dawo, ina aikin da zai yi, nawa manomi zai sayar da alkamarsa, nawa masunci zai sayar da kifinsa. Wanda yake son gane dalilin da ya sa waɗannan tambayoyi suka yi nauyi haka, sai ya koma baya shekara 28.

A watan Disamba na 1917 ma an yi zaɓe ana tsakiyar yaƙin duniya na farko. Firaminista Robert Borden yana son a tilasta wa matasa shiga soja, don haka ya shirya zaɓen yadda zai yi masa daɗi. Aka yi dokar da ta ba matan sojoji da uwayensu da 'yan'uwansu mata damar zaɓe, aka kuma ƙwace ƙuri'a daga hannun baƙin da suka fito daga ƙasashen abokan gaba suka zama 'yan ƙasa bayan 1902. Saura manoma. Su kam ba sa son a kwashe musu 'ya'ya a bar gona ba mai nomawa. Ana saura makonni kaɗan zaɓe, gwamnati ta yi alkawarin cewa ba za a taɓa 'ya'yan manoma da ke aikin gona ba. Manoma suka ba da ƙuri'a, Borden ya ci. A watan Afrilu na 1918, bayan Jamus ta kai wani mummunan farmaki a Faransa, aka soke alkawarin ana daf da shuka. Manoma wajen 5,000 suka yi tattaki zuwa Ottawa cikin watan Mayu, Borden ya saurare su, bai sauya komai ba. Ba su manta ba. A 1919 ƙungiyar manoma ta kafa gwamnati a lardin Ontario, a zaɓen tarayya na 1921 kuwa jam'iyyar manoma ce ta zo ta biyu a yawan kujeru.

Sojojin da suka dawo ba su fi manoma jin daɗi ba. Sun nemi a ba wanda ya je fagen daga dala 2,000 kuɗin sallama, gwamnati ta ce babu kuɗi. Abin da ta tsaya a kai shi ne shirin zaunar da soja a gona: a ba shi rancen da zai iya kai dala 7,500, kuɗin ruwa biyar bisa ɗari, ya sayi fili da dabbobi da kayan aiki. Kimanin mutum 25,000 suka shiga. Matsalar ita ce sun sayi komai lokacin da farashi ya kai ƙololuwa, sannan daga 1920 farashin alkama ya rikito. Bashi yana nan yadda yake, amfanin gona kuma ba ya biyan ko kuɗin ruwa. Wasu filayen ma tun asali ba su noma, duwatsu ne da daji. Dubbai suka tattara ya-nasu-ya-nasu suka bar gonakin.

A gaɓar tekun Atilantika labarin ɗaya ne, sai dai kifi ne a madadin alkama. Lokacin yaƙi busasshen kifi mai gishiri ya yi daraja, da aka yi sulhu masuntan Nowe da Aisland suka dawo kasuwa, farashi ya karye. Masuncin lardin Nova Scotia mai ƙaramin kwalekwale ya ci gaba da zama a hannun ɗan kasuwar garinsu, wanda ke ba shi gishiri da ƙugiya da gari bashi, sannan shi ne zai yanka wa kifin farashi a ƙarshen kaka. Abin ya yi tsanani har aka kafa hukumar bincike a 1927, daga nan kuma wani limamin Katolika, Moses Coady, ya shiga ƙauyukan masunta yana haɗa su cikin ƙungiyoyin gama kai. Sai ga karayar tattalin arziki ta shekarun 1930 ta zo ta rufe kowa. Samari marasa aiki aka tura su sansanonin da ma'aikatar tsaro ke gudanarwa, ana biyan su santi 20 a yini. Da yawa daga cikin waɗanda suka sa kaki a 1939 daga wannan hali suka fito. Sun ga iyayensu, mazan jiya na yaƙin farko, suna layin karɓar taimako. Wanda maciji ya taɓa sara, ko tsumma ya gani sai ya yi tsalle.

Firaminista Mackenzie King na jam'iyyar Liberal ya san da haka, amma ba shi ne mutumin da ke gaggawar kashe kuɗin gwamnati ba. Abin da ya tashe shi tsaye wata jam'iyya ce mai ra'ayin gurguzu mai sassauci, CCF, wadda manoman yamma da 'yan ƙwadago suka kafa a 1932. Hujjarta mai sauƙi ce, kuma kowane soja ya fahimce ta: in gwamnati ta iya samo kuɗin ƙera tankoki da jirage har kowa ya sami aiki, me zai hana ta samo kuɗin gina gidaje da asibitoci in an yi sulhu? A watan Agusta na 1943 CCF ta ci kujeru 34 a Ontario, kaɗan ya rage ta karɓi mulki. Wata guda bayan haka ƙuri'ar jin ra'ayin jama'a ta nuna ta a gaba da kashi 29, Liberal da 'yan mazan jiya na jam'iyyar Conservative kowa 28. A watan Yuni na 1944 Tommy Douglas na CCF ya lashe kujeru 47 cikin 52 a Saskatchewan, lardin alkama, wanda kuma nan ne mazaɓar King kansa take.

A ganina nan ne bambancin 1917 da 1945 yake. King bai jira ranar kamfe ya yi romon baka ba, sai ya riga ya mayar da alkawuran doka kafin ya nemi ƙuri'a. Tun 1942 aka yi dokar da ta wajabta wa mai kamfani ya mayar da ma'aikacinsa bakin aiki in ya dawo daga yaƙi. A 1944 aka kafa ma'aikata ta musamman don tsofaffin sojoji, aka kuma yanka kuɗin sallama a fili yadda kowa zai iya lissafin nasa: dala bakwai da rabi kan kowane kwana 30 da mutum ya yi a gida, dala 15 kan kowane kwana 30 a ƙetare. Soja yana zaune a tanti a Holan, da guntun fensir da bayan ambulan, zai iya ƙirga abin da ke jiransa, ya ƙara dala 100 na sayen kayan farar hula. Wanda ke son karatu gwamnati za ta biya masa jami'a ko koyon sana'a, ta kuma ba shi kuɗin abinci. Kimanin 50,000 suka shiga jami'o'i ta wannan hanya.

Dokar filaye ta 1942 ita ce ta fi nuna an ɗauki darasi. Wannan karon ba a jibga wa soja dukan bashin ba. Zai ajiye kashi goma bisa ɗari, ya biya kashi biyu cikin uku na kuɗin fili a shekara 25 da kuɗin ruwa uku da rabi bisa ɗari, ragowar kuma a yafe masa in ya riƙe gonar shekara goma. An tantance masu nema, an duba ƙasar kafin a saya. Kuma ba a ce dole sai babbar gona ba: mutum na iya karɓar ɗan fili a bayan gari ya yi lambu da kiwon kaji yana aikinsa na albashi, masunci kuma ya sami gida a bakin ruwa da kuɗin jirgi da taru. A ƙarshe mutum sama da 140,000 suka amfana, mafi yawansu masu ƙananan filaye.

Manoma suna da nasu ƙorafi. Tun ƙarshen 1941 gwamnati ta ɗaure farashin kaya, alhali Birtaniya na sayen naman alade da cuku da ƙwai da kifin gwangwani na Kanada ba ƙaƙƙautawa. Manomi ya ce: kun hana ni cin ribar yaƙi, to kada ku bar ni da asarar sulhu. Wannan magana gaskiya ce, kuma ita ta haifi dokoki biyu a 1944, ɗaya ta tallafa wa farashin amfanin gona da asusun dala miliyan 200, ɗaya ta kifi da dala miliyan 25, domin gwamnati ta saya ko ta cike giɓi in farashi ya faɗi. Kason masunta ƙarami ne, hukumarsu ma ba ta fara aiki ba sai 1947, abin da ke nuna inda nauyin ƙuri'a yake. Batun aikin yi kuwa, a watan Afrilu na 1945 minista C. D. Howe ya gabatar da takardar da gwamnati ta ɗauki nauyin tabbatar da wadatar aiki mai ɗorewa. Sai alawus na yara, dala biyar zuwa takwas a wata kan kowane yaro ɗan ƙasa da shekara 16, wanda aka tsara zai fara shiga hannun iyaye mata a watan Yuli, makonni kaɗan bayan zaɓe. 'Yan adawa sun kira shi sayen ƙuri'a, kuma ba a rasa gaskiya a zarginsu ba, amma kuɗin ya sayi madara da takalma a gidajen da ba su saba gani ba.

Da aka shiga kamfe, kowace jam'iyya tana tallan kaya iri ɗaya ne da suna dabam. John Bracken na Conservative, wanda masanin noma ne kuma tsohon firimiyan Manitoba, ya yi alkawarin farashi mai adalci ga manomi da kula da tsofaffin sojoji, amma ya ɓata rawarsa da tsalle da ya nace sai an tilasta tura sojoji yaƙin Japan. King ya ce masu sa kai kaɗai za su je. Mutanen Kwibek, lardin masu magana da Faransanci, da suka daɗe suna ƙin shiga soja na dole, suka san inda za su dangwala. CCF ƙarƙashin M. J. Coldwell ta tarar an kwashe rabin manufofinta an zartar, ga kuma 'yan kasuwa sun zuba kuɗi suna tsorata jama'a da cewa gurguzu zai ƙwace musu dukiya. Liberal ta koma mulki da ƙyar, CCF ta tashi da kujeru 28. Shi kuwa King ya faɗi a mazaɓarsa ta Prince Albert, ɗan takarar CCF ya kayar da shi da ƙuri'u 129 bayan an ƙirga na sojoji. Sai da aka nema masa wata kujera a Ontario.

Akwai ɓangaren da ba a cika faɗa ba, kuma bai kamata a tsallake shi ba. Wasu daga cikin gonakin da aka raba wa sojoji na mutane ne. Bayan harin da Japan ta kai wa sansanin sojan ruwan Amurka na Pearl Harbor a Disamba 1941, aka kama jiragen kamun kifi sama da dubu na 'yan Kanada masu asalin Japan, aka ja su zuwa kogin Fraser aka ɗaure su jere-jere suna gogar juna cikin sanyi, wasu suka fashe, wasu suka nutse, sauran aka sayar da arha. Aka kwashe mutum fiye da 20,000 daga gaɓar teku. Gonakinsu na 'ya'yan itace sama da 700 a kwarin Fraser hukumar filayen tsofaffin sojoji ta saye su ƙasa da darajarsu, ba da yardar masu su ba. Waɗannan mutane ba su da ƙuri'a a lokacin, sai 1949 suka samu, don haka babu ɗan takarar da ya ji tsoronsu. Sojoji 'yan asalin ƙasar, wato ƙabilun da Turawa suka tarar a can, da suka koma keɓaɓɓun yankunansu an ba su tallafin da bai wuce dala 2,320 ba, a hannun jami'in gwamnati mai kula da su, alhali abokan yaƙinsu na iya samun rancen da zai kai dala 6,000 da takardar mallakar fili. Ma'aikatan jiragen dakon kaya, da suka mutu da yawa a tekun Atilantika, ba a ma lissafa su cikin mazan jiya ba sai 1992.

Mu ma mun san irin wannan. Kakanninmu da suka yi yaƙin Boma a runduna ta 81 da ta 82 suna can Asiya nesa da gida a ranar da ake wannan zaɓe, kuma babu akwatin da aka kai musu. Da 'yan'uwansu na Gana suka yi maci a Akara ranar 28 ga Fabrairu 1948 suna neman haƙƙinsu na fansho da aiki, harsashi aka amsa musu da shi, mutum uku suka mutu.

A Kanada an dawo kan waɗanda aka zalunta, amma a makare. A 1988 Firaminista Brian Mulroney ya nemi gafarar 'yan Kanada masu asalin Japan, aka biya duk wanda ya rage da rai dala 21,000. A 2002 aka yi wa tsofaffin sojoji 'yan asalin ƙasar tayin dala 20,000 kowanne, a lokacin da yawancinsu sun riga mu gidan gaskiya.