Shin sulhu yana nufin a binne gaskiya?

An daɗe ana cewa in ana son zaman lafiya bayan rikici, a bar kaza cikin gashinta, kada a tona abin da ya wuce. Masu faɗin haka ba mugunta ce ta sa su ba, tsoron fama tsohon gyambo ne.

Sai dai abin da ya faru a Afirka ta Kudu bai goyi bayan wannan fahimta ba. Bayan zaɓen 1994 da ya kawo ƙarshen mulkin wariyar launin fata, an kafa Hukumar Gaskiya da Sulhu don sauraron ba'asi kan ta'asar da aka yi a zamanin mulkin, ta fara zama a bainar jama'a a 1996. Mutum sama da 21,000 suka ba da bayanin abin da aka yi musu, iyaye mata suna tambayar inda aka binne 'ya'yansu, rediyo da talabijin suna watsa zaman hukumar. Mai neman afuwa kuwa sai ya fayyace duk abin da ya aikata. Fiye da 7,000 suka nema, amma mafi yawansu ba su samu ba.

Ba a ce komai ya gyaru ba, da yawa sun koka kan ƙarancin diyya. Amma musanta ta'asar ya yi wuya bayan nan.

Rahoton da hukumar ta fitar a 1998 yana intanet, kowa na iya dubawa. In an kawo muku labarin wani sulhu, ku tambaya: wa aka saurara, kuma da wane sharaɗi aka yafe?

Don Allah a tura wa 'yan'uwa su karanta.